Koren Zare, Ƙulli Uku

Kwanan baya wasu samari biyu da suka gama makaranta suka zo rumfata a Ƙofar Sauri, suna so in koya masu wankin hula kafin aiki ya samu. Ɗayansu ya dubi baho da burushi ya ce ai mako guda ya isa, tunda ruwa ne da sabulu. Ɗayan kuma, da ya ji cewa tattalin arziki na karanta a jami'a, sai ya ɗauko mani gardamar da suka taho suna yi a hanya: wai shin matsin nan da ake ta faɗa a rediyo da gaske ne, ko kuwa bakin mutane ne ya saba da kuka? Ya ce shi dai ranar Juma'a kowa fes yake gani, shadda na walƙiya, hula a kafe, kuma babu Asabar ɗin da ba a ɗaura aure a unguwarsu. Na ce su dawo in ba su amsa, don ba na son magana a tsaitsaye. Har yau ba su dawo ba. To ga abin da zan faɗa masu, su da masu irin tunaninsu. Ba na cewa shi ne gaskiyar garin nan duka. Abin da ya ratsa ta hannuna ne kawai, kuma ina iya yin kuskure.

Hular farko da na ɓata wata zanna ce fara mai ratsin ja, ta wani malamin asibiti. A lokacin watana huɗu ke nan wurin Baba Sule, wanda daga baya na gaji rumfar nan a hannunsa. Na gama digiri, na yi hidimar ƙasa, na shekara uku ina yawo da takardu a leda har gefensu ya fara cinyewa, sannan mahaifina ya kawo ni wurin abokinsa. Baba Sule ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, mai digiri, nan babu kujera. Ka iya tsugunno?" Sunan ya bi ni daga ranar, har wasu ba su san Nura ake ce mani ba. Watannin nan huɗu ɗauraya kawai nake yi, sai kwasar huluna in hadari ya taso. Ran da ya tafi jana'iza ya bar ni da rumfa, sai na ga ai na daɗe ina kallo, na iya. Na jefa zannar nan cikin ruwan ɗumi tare da sauran. Kafin in juya jan zaren ya zuba, farar hula ta koma ruwan hoda.

Da ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki farin ƙyalle, ya jiƙa gefensa, ya danna a kan zaren wata hular, ya nuna mani yadda launin ya fito a jikin ƙyallen. Ya ce, "Kowace hulla sai ka tambaye ta kahin ka jiƙa ta. Wadda ta amsa maka haka, ruwan sanyi take so, kuma ita kaɗai." Sannan ya naɗe wadda na ɓata ya miƙo mani, ya ce in kai wa mai ita da kaina, in faɗa masa da bakina. Tafiyar nan daga Ƙofar Sauri zuwa gidan mutumin ta koya mani abin da shekara huɗu a aji ba su koya mani ba.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa mai wucewa ke raina su. Baho biyu, na wanki da na ɗauraya. Burushi mai tauri na bakin hula, inda zufa da man kai ke taruwa, da mai laushi na kan aikin zare, wanda shi ma in ka yi masa ƙarfi zaren zai tashi buzu-buzu. Sitacin rogo da ake damawa da ruwan zafi: in ya yi kauri hula ta bushe da fari-fari kamar an barbaɗa mata gari, in ya yi ruwa ta zube a kan mai ita tun ba a sallame sallah ba. Sai gumagumai, wato itatuwan da aka sassaƙa daidai kan mutum, inda ake ɗora hula ta bushe. Kowane gungume da lambarsa, daga ashirin da ɗaya zuwa ashirin da huɗu, da rabi-rabinsu. In ka ɗora hular mai ashirin da biyu a kan na ashirin da uku, ta buɗe ke nan har abada. Sai ɗan kulkin da ake bugunta da shi bayan ta sha iska, da dutsen guga na gawayi. Kari kuwa, wato lanƙwasar da ake yi wa saman hula, da yatsa ake yin sa, kuma kowane mutum da irin nasa. Wani gaba yake so, wani gefe, wani yana so ta tsaya cak. Sai da na shekara biyu kafin Baba ya bar ni in yi wa hular babban mutum kari.

Abin da ya fi ba ni tsoro tun farko shi ne musanya. Ranar Alhamis rumfa kan cika maƙil, kowa na son tasa kafin Juma'a, kuma da yawansu iri ɗaya ne, launi ɗaya. Baba Sule bai yi boko ba, don haka da zare yake rubutu. Duk mai kawo wanki yana da alamarsa a cikin hula, ta wajen ƙeya inda ba a gani: launin zare da yawan ƙulli. Baƙi ƙulli ɗaya na limamin unguwa ne, rawaya ƙulli biyu na wani direba, haka dai. Na taɓa cewa mu kawo littafi, ya ce littafi na jiƙewa. Dokarsa guda ce, hular wani ba ta kwana a kan wani. In aka yi musanya, ka rufe rumfa ka bi ta har gida. Na riƙe dokar nan hannu biyu, wataƙila fiye da yadda shi kansa ya nufa.

Koren zare ƙulli uku na Alhaji Bishir ne, mai shagon yadi a Babbar Kasuwa, gidansa a Kambarawa. Hula bakwai yake kawowa duk Alhamis bayan la'asar, kowace rana da tata, a naɗe cikin farin ƙyalle. Ba ya aiko kowa, da kansa yake zuwa. Ya zauna a benci, ya cire takalmi, ya fasa goro, shi da Baba Sule su yi ta tsiya har a kira magariba. Bayan rasuwar Baba na ɗauka zai canza wuri, don akwai waɗanda suka fi ni hannu. Sai ga shi Alhamis ɗin da ta biyo bayan sadakar bakwai, da ƙyallensa. Tsiyar ta dawo kaina.

"Mai digiri, yau mi tattalin arziki ya ce?"

"To, Alhaji, ai ya danganta."

"Kullum ya danganta! Kai ko sunanka aka tambaye ka, ya danganta za ka ce."

Haka muka yi shekaru. In ya zo, maƙwabta ma kan matso, mai gyaran takalmi ya bar aikinsa, mai shayi ya turo kofi ba a tambaya ba. Rumfar kan ɗauki ƙamshin turarensa har washegari.

Cikin bakwai ɗin akwai wadda ba ta da na biyu, aikin garin Bama, launin ƙasa da zare ruwan zuma, ɗinkin ya yi ƙanana har sai ka matso da ita kusa da ido kafin ka ga tafiyar allura. Ta Juma'a ce. Ita kaɗai nake wankewa a baho, a inuwa nake shanya ta, ba na bari rana ta ci launinta. Wata rana tartsatsin gawayi ya faɗa cikinta ya yi ɗan baƙi kamar ƙwayar gero, daga ciki, inda babu mai gani. Da ya zo na nuna masa kafin ya zauna. Ya daɗe yana nema kafin ya gani, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "In ba ka faɗa ba wa zai sani? Kai dai Allah bai ba ka shiru ba."

Shekarar da aka cire tallafin mai ita ce shekarar da nake so samarin nan su ji. Ruwan 'yan garuwa ya tashi, gawayi ya tashi, sitaci ya tashi, wannan kowa ya sani. Amma abin da na fara lura da shi ba farashi ba ne, bakin hula ne. A da dattin kan zo mani kamar faɗin yatsa ɗaya, wato an sa ta mako guda. Sai ya koma yatsa biyu, ya yi duhu, ya shige cikin zare har burushi mai tauri ya kasa. Mutanen dai su ne, hulunan su ne, amma mai zuwa duk mako ya koma duk wata. Wani ma'aikacin gwamnati da na daɗe ina yi wa aiki ya kawo mani guda biyu a jiƙe, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wankin an yi a gida, sitaci da kari kawai za ka yi." Garin sabulu ya cinye masu launi, na karɓa na yi masa yadda ya ce. Wasu suka fara tambaya ko ina iya ɗinke inda ya ɓarke, abin da a da sai dai a ba da hular kyauta a sayi sabuwa. Hulunan hannu suka yi ta raguwa, na inji suka yi ta ƙaruwa, masu saurin yi da saurin mutuwa.

Sai dai in faɗi ɗaya gefen, don kada in zalunci gardamar. A shekarar nan ɗin dai akwai gidajen da wankinsu ƙaruwa ya yi, direba ke kawowa a buhu, wasu hulunan ko sau ɗaya ba a sa su da kyau ba. Kuma ranar Juma'a sahu na nan yadda yake. Don haka wanda ya tsaya bakin masallaci ya ce bai ga alamar wahala ba, ba zan ce ya yi ƙarya ba. Bakatsine na iya rage cefane, ya jingine mota, ya mayar da yaro makarantar gwamnati, duk a cikin gida. Hula ita ce ta ƙarshe da zai bari ta nuna, don ita ake fara gani. Ɗan kasuwa kuwa ya fi kowa, domin rufin asirinsa shi ne rabin jarinsa. In aka ji ya fara taɓa kayan jikinsa, masu ba shi kaya sai su fara janye hannu. Na san wannan sarai a lokacin. Sanin bai hana ni abin da na yi ba.

Ƙyallen Alhaji Bishir ya fara zuwa da shida. Na tambaya, ya ce ya ba ƙanensa ɗaya. Bayan 'yan makonni ya zo da biyar, ban tambaya ba, don mutum ne mai kyauta. Sai wata Alhamis na kwance ƙyallen na ga babu ta Bama.

"Alhaji, ina ta Juma'a?"

Ya juya yana kallon titi. "Ka ga, ta shige wani wuri. Bar ta kawai."

A sanina ni ne na ƙarshe da ta ratsa hannunsa. Shin na sa ta a ƙyallen makon jiya, ko na ba wani? Da ya tafi na birkice rumfar kaf, na ɗaga kowane gungume, na zazzage kowane kwali. Washegari na bi gidajen duk masu lamba ashirin da biyu da rabi da suka karɓi wanki a makon, ina ba su haƙuri, ina roƙon su duba. Na je masallacin da Alhaji yake sallah a kasuwa na tambayi ladan, ko an tsinci hula a wurin alwala. Duk Alhamis sai in ba Alhaji labarin inda na kai. Shi kuma ya ce, "Mai digiri, na ce maka ka bar ta." Ni kuwa na ɗauka kara yake yi mani, ya san ni na ɓatar, ba ya son ya kunyata ni. Wannan ya ƙara mani ƙaimi.

Bayan kamar wata ɗaya da rabi wani saurayi ya zo, baƙo a rumfar, Malam Kabir, malamin firamare. Ya ce ɗaurin aurensa saura kwana tara, ga hular da zai sa, yana so a yi mata aiki na musamman. Tun bai gama zare ta daga leda ba na gane ta. Na juya cikinta, ga koren zare ƙulli uku, ga ɗan baƙin tartsatsi. Na tambaye shi inda ya same ta, ya ce wurin wani dillali a Babbar Kasuwa. Na ce masa hular nan tana da mai ita, ɓata ta yi, kuma mai yiwuwa ɗauke ta aka yi, ko daga shanyata ko daga masallaci. Bawan Allah ya rikice. Ya ce shi ba zai shiga ɗaurin aurensa da kayan sata a ka ba, in kai shi wurin mai ita a warware.

A nan ne ya kamata in tsaya in yi tunani. Na ga bakwai ta koma shida, ta koma biyar. Na ga mutum ya kau da kai da na tambaye shi. Sau nawa ya ce in bari. Kuma ko ba komai, Alhamis saura kwana biyu, da na jira ya zo mu yi magana mu biyu. Amma abin da ke kaina kawai shi ne nauyi ya sauka, ba ni na ɓatar ba, kuma hular wani ba ta kwana a kan wani. Na wanke ta wankin da ban taɓa yi wa wata hula ba, na yi mata karin da yake so, na naɗe a takarda. Washegari bayan la'asar na rufe rumfa, na ɗauki Malam Kabir a babur muka nufi Kambarawa.

Mun tarar da shi a ƙofar gida kan darduma, da abokansa huɗu ko biyar. Cikinsu akwai Alhaji Sada, maƙwabcinsa a layin 'yan yadi, mutumin da magana ba ta kwana a cikinsa. Muka durƙusa aka yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi gida, an tambayi aiki, an tambayi gajiya. Alhaji ya yi murna da ganina, yana cewa yau mai digiri ya yi ɓatan kai. Na ce, "Alhaji, albishirinka."

"Goro," ya ce, yana dariya.

Na buɗe takardar. Dariyar ta tsaya.

"Ga ta nan, Allah ya bayyana ta. A kasuwa aka same ta, wurin dillali. Wannan bawan Allah ne ya saya, bai sani ba."

Ya karɓa, ya jujjuya ta a hankali, ya miƙo mani. "Ta yi kama da ita ƙwarai. Amma ba ita ba ce."

Ƙofa ce ya buɗe mani in fita, kowa a wurin ya gane haka, in ban da ni. Ni abin da na ji shi ne ana shakkar aikina. Na juya cikin hular na matsa kusa da shi, yadda duk na kan dardumar za su gani. "Ita ce, Alhaji. Ga koren zare, ƙulli uku. Ga ma ƙunar da na yi mata."

Malam Kabir kuma, da yake yana son ya wanke kansa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni wallahi ban san ta sata ce ba. Dillalin ce mani ya yi mai ita ne ya kawo da kansa, ita da wasu biyu. Wai wani dattijo ne mai shagon yadi."

Wani ya shiga gyaran carbinsa, wani ya dubi ƙasa. Sai Alhaji Sada ya ce, "A'a, Alhaji Bishir! Ashe ka buɗe reshen hulla ba ka gayyace mu walima ba?" Mutum ɗaya ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari.

Alhaji Bishir ya karɓi hular daga hannuna. Ya yafito Malam Kabir, ya ce ya matso, ya cire masa ta kansa, ya ɗora masa wannan da hannunsa, ya gyara mata zama, ya ja baya ya duba.

"Malam, hullarka ce halak malak. Ni na kai ta. Ta kuwa karɓe ka. Allah shi sanya alheri a auren." Sannan ya dube ni. "Ka yi ƙoƙari. Aiki ya yi kyau."

Ya ce a miƙo masa buta zai yi alwalar magariba, alhali rana na nan da sauranta. Muka yi sallama. Da na sauke Malam Kabir, sai ya ce, "Malam Nura, ai da ka bar ni da hulata."

Alhamis ta zo, bai zo ba. Na ajiye gungumensa a gefe ban ɗora wa kowa ba, har aka kira magariba. Ta gaba ma haka. Mai shayi ya tambaye ni sau biyu ko Alhaji lafiya, daga nan ya daina. Ban san ko maganar ta kai kunnen masu ba shi kaya ba. Ina zargin ta kai, amma ban tabbata ba, kuma ba zan ɗora wa kowa abin da ban ji da kunnena ba.

Tun daga nan na canza abu ɗaya a aikina, wanda zan koya wa samarin nan kafin su taɓa burushi. In hula ta zo da alamar wani a hannun wani, reza nake sawa in yanke zaren, in tambayi sunan wanda ya kawo, in yi masa tasa alamar. Ba na tambayar inda aka samo ta. Kuma abin ya faru fiye da yadda zan so in faɗa. Na yanke zaren mutanen da nake gaisawa da su a sahu ɗaya, waɗanda in ka gan su ranar Juma'a za ka rantse babu abin da ya taɓa su. Ba ni da alƙaluman da zan ba mai gardama, kuma rumfa guda ba gari ba ce. Amma in ya nace sai na amsa, zan ce ana ji, sai dai waɗanda suka fi ji su ne suka fi ƙoƙarin kada a gani.

Sai da na yi wata biyu ina shirya maganar da zan faɗa kafin na iya zuwa shagonsa. Na zaɓi hantsi, lokacin da layin bai cika ba. Na wuce shagon sau ɗaya ban gane shi ba, don an raba shi biyu da katako, rabin wani na sayar da takalman roba. A nasa rabin an baje yaduka an buɗe su sosai, kowanne ya rufe wurin da a da uku ke zama. Yana zaune a kan kujerarsa, babbar riga a goge. Ya amsa gaisuwata duka, bai rage ko ɗaya ba, ya tambayi mahaifiyata da iyali, ya nuna mani wurin zama.

Na ce, "Alhaji, na zo ne in ba da haƙuri. Abin da na yi rannan..."

Ya ɗaga hannu. "Ba ka yi komi ba. Ni na ƙi gaya maka gaskiya, kai kuwa ka tahi nemanta. Mai nema ai shina samu."

"To ko za a ci gaba da kawo wankin? Ko in riƙa zuwa ina karɓa a gida, ba sai an..."

Na katse maganar, don na ga inda za ta kai ni. Ya ɗan yi murmushi.

"Ba sai an biya ba, ko? Ka ga, har yanzu ba ka gama da ni ba." Ya gyara zama. "Ban yi hushi da kai ba, Allah shi ne shaida. Amma kai mutum ne mai lura. In na zo rumfarka, ko ba ka ce komi ba, idonka zai duba ƙyallen. Wanda ya san ni da bakwai, ba ni son ya kwance ya ga abin da ya rage. Akwai wani can bayan tasha, shi nake kai mawa. Bai iya ba ko kusa. Amma bai san ni ba."

Na dubi wadda ke kansa. An ɗora ta a gungumen da ya fi ta, ta sauko masa har kan kunne, sitacin ya yi fari-fari a gefe, karin kuma ya karkace hagu, shi da dama yake so. Na yi ƙoƙarin in kau da ido, na kasa.

"Alhaji, ko karin nan kawai in gyara? Nan take, da yatsa. Babu wanda zai gani."

Ya kai hannu kansa kamar zai cire ta. Sai wata mata ta tsaya a bakin shagon tana taɓa wani yadi. Ya sauke hannun, ya miƙe, ya saɓa hannun rigarsa.

"Wata rana," ya ce. "Ka gaida gida."

Ya juya wurinta da fara'arsa ta kasuwa. "Hajiya, sannu da zuwa. Wane iri za a ba ki?"

Shagon ba ya ɗaukar mutum uku. Na tashi na ba ta wuri.